Wurin Iyo Domin Samari Da 'Yan Mata Guragu: Abin Da Za A Auna Kafin A Haƙa

Ƙasar arewacin Kano, watau daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, a zaga ta Kunchi da Bichi har Bagwai, ƙasa ce wadda ba ta da daji. Gona tana manne da gona, ba a barin saura, kowace shekara sai an kai taki a jaki ko a amalanke kafin a sami gero da dawa da gyaɗa. Wanda ya ce wa manomin irin wannan ƙasa ya yanki fili a haƙa rami, a zuba siminti, a cika shi da ruwa domin yara su yi iyo, tilas ya zo da hujja. Wannan magana ta taso a tarurrukan waɗansu ƙungiyoyinmu, wasu suna so, wasu suna cewa almubazzaranci ne. Domin haka muka ga ya kamata mu shimfiɗa ta a nan, kowa ya duba da idonsa.

Su wane ne ake nufi

Yawancin guragun da ke ƙauyukanmu cutar shan inna ce ta kama su suna ƙanana. Manya sun tuna da shekarar 2003, sa'ad da aka dakatar da rigakafin cutar a Jihar Kano saboda jita-jitar da ta bazu a kan maganin. Ba a koma ba sai a watan Yuli 2004. Cutar ta sami sarari, har a 2006 aka ƙidaya yara fiye da 1,100 da ta shanye a Nijeriya, fiye da rabin na duniya duka a wannan shekara, Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a Jihar Kano an same shi a Sumaila a watan Yuli 2014. Ran 25 ga Agusta 2020 aka ba da shaida cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita, ko da yake wani rauninta da ya rikiɗe ya ci gaba da ɓullowa bayan haka, shi ya sa ba a daina ɗiga wa yara magani ba, kada ma a daina.

To, yaran da ta kama a waɗancan shekaru yanzu sun zama samari da 'yan mata, wasu sun kai ashirin, wasu sun ɗara. Suna nan a gidajenmu da na maƙwabtanmu. Wani yana rarrafe da takalmin roba a hannu, wani yana dogara sanda, mai rabo yana da keken guragu. Ban da su akwai waɗanda aka haifa da taurin gaɓoɓi saboda wahalar haihuwa, da waɗanda sanƙarau ya bari da rauni, da waɗanda haɗarin mota ko babur ya raba da ƙafa.

Kada wani ya ce waɗannan ba su da ƙarfin wasa. A birnin Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa, wadda Aminu Ahmed Tudun Wada ya daɗe yana jagoranta, da hannunsu suke walda suna ƙera keken guragu mai ƙafa uku. Ƙwallon guragu kuma, wadda ake zama a kan ɗan allo mai taya ana buga ta da hannu, mutumin Kano ne, Misbahu Lawan Didi, ya kafa ta a 1988, ga ta yau ana gasarta tsakanin jihohi. Nijeriya ta fara zuwa gasar naƙasassu ta duniya a Basalona a 1992, lambobin zinariya da yawa kuwa masu ɗaga ƙarfe ne suka ciyo mata. Amma ku lura, duk waɗannan abubuwa a kan kafaɗa da hannu suke. Rarrafe kafaɗa ce, sanda kafaɗa ce, tuƙa keke ma ita ce. Mutumin da kafaɗarsa ta yi shekara ashirin tana aikin ƙafa, ba mamaki ta fara ciwo tun bai tsufa ba. Likitoci sun kuma gane cewa mutane da yawa da shan inna ta taɓa, bayan shekara 15 zuwa 40, sukan sami sabuwar kasala da ciwon jijiya, har a gaɓar da a dā ake ganin lafiyarta lau.

Abin da ruwa yake yi wa jiki

Duk wanda ya taɓa jan guga ya san cewa muddin tana cikin ruwa ba ta da nauyi, sai ta fito sarari hannu ya ji ta. Haka jikin mutum. In ya tsaya a ruwa iya cibiya, ƙafafunsa suna ɗauke da kamar rabin nauyinsa. In ruwa ya kai wuya, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Saboda haka ƙafar da ba ta iya ɗaga kanta a tudu, a cikin ruwa tana iya motsi. Ruwa kuma yana turjewa a hankali, yana ba tsoka aiki ba tare da ya buge gaɓa ba. Yaron da tun da ya yi wayo bai taɓa miƙewa tsaye ba, a ruwa yana iya tsayawa kai da kai da sa'o'insa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar saurayi.

Ba yau aka gano haka ba. Franklin Roosevelt na Amurka ƙafafunsa sun shanye a 1921, likitocinsa suka ce shan inna ce. A 1924 ya je wani gari mai suna Warm Springs a Jihar Jojiya, inda ruwan ɗumi yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ya ji daɗin motsa jiki a cikinsa, har a 1927 ya kafa wurin jiyya a can domin masu irin lalurarsa. Ya zama shugaban ƙasa a 1933, a garin kuma ya rasu a 1945. Amma a faɗi gaskiya: har ya mutu bai sāke tafiya ba sai da ƙarfe a ƙafa da wanda zai riƙe shi. Ruwa ba ya rayar da jijiyar da cuta ta kashe. Abin da yake yi shi ne ya ƙarfafa abin da ya rage, ya saki gaɓar da ta sandare, ya buɗe ƙirji, ya hutar da kafaɗa. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi kada su yi wa iyaye alkawarin warkarwa. Uwar da aka ce mata ɗanta zai tashi, ta ga wata shida bai tashi ba, ba za ta sāke kawo shi ba, kuma za ta hana maƙwabciyarta.

A Landan, a 1949, wani injiniya mai suna James McMillan ya fara koya wa 'yan mata naƙasassu na makarantar Halliwick iyo. Hanyarsa har yanzu da sunan makarantar ake kiranta. Ba a ɗaura wa yaro abin da zai taso da shi. Kowane yaro da mataimakinsa guda, yana tallafe da shi, a koya masa hura iska a ruwa, da yadda zai juya ya kwanta rigingine in ya kife, sa'an nan a riƙa janye hannu kaɗan kaɗan har ya tsaya da kansa. Abin da ya burge mu a nan shi ne, hanyar ba ta bukatar inji. Mutane take bukata masu haƙuri, su kuwa muna da su.

Ga dam, ga kududdufi, me ya sa sai an gina?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mana, tana da kyau kuwa. Tun zamanin Gwamna Audu Bako aka shiga gina madatsun ruwa a jihar nan, aikin ya ci gaba har wajen 1980. A yankinmu akwai dam ɗin Tomas wajen Ɗambatta, da na Gari a Kunchi, da na Watari a Bagwai, da na Jakara a Wasai. Kowane ƙauye kuma yana da kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, wanda yakan cika da damina. Ruwa dai ba a rasa ba.

Amma wannan ruwa yana da tsargiya. Ƙananan katantanwa da ke manne da ciyayin bakin ruwa su ne gidan tsutsar. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, daga can tsutsar ta fito ta huda fatar wanda ya shiga. A wasu ƙauyuka an saba da ganin yaro yana fitsarin jini har ana ɗauka alamar balaga ce. Ba ita ba ce, ciwo ne mai cin mafitsara da ƙoda. Akwai magani, ana kiransa praziquantel, akan raba shi a makarantu, amma wanda ya sha ya koma ruwan nan zai sāke ɗauka. Yaron da muke so ya shiga ruwa sau biyu kowane mako, shekara da shekaru, ba za mu kai shi can ba.

Sai kuma gaɓa. Bakin kududdufi laka ce mai santsi, ƙasansa kuwa ba daidai yake ba, taku ɗaya ruwa iya gwiwa, taku na biyu ya shanye mutum, gama maginan da suka haƙa ba su yi tunanin masu wanka ba. Keke ba ya isa wurin. Mai rarrafe in ya isa, fitowa ita ce wahala. Kowace damina muna jin labarin yara masu ƙafa biyu da kududdufi ya ci, balle wanda ba shi da abin tokarawa. Mutanen Bagwai ba za su manta da ran 30 ga Nuwamba 2021 ba, sa'ad da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da mutanen Badau, aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Mun zama mutanen da ke zaune a bakin manyan ruwaye, amma ba mu gaji iyo ba kamar Kabawan Argungu da ke hawa gora su bi kogi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum wajen 300,000 a duniya a 2021, yara da matasa suna da yawa a ciki.

A ƙasar Bangaladash, inda ruwa ya fi namu yawa, sun sami dabara mai araha. Sukan kafa dandamali na gora a cikin tafkin ƙauye, su kewaye shi, a koya wa yara a ciki har yaro ya iya iyon mita 25, ya kuma iya tsayawa a saman ruwa daƙiƙa 30. Ma'aunin nan nasu yana da kyau mu ara. Dandamalin kuwa ba zai yi mana ba, domin zai hana nutsewa amma ba zai hana tsargiya ba.

Lissafin ramin

Bari mu ɗauki ƙarami: tsawo mita 10, faɗi mita 5, zurfi mita 1. Kada a wuce wannan zurfi da yawa, domin mataimaki ya tsaya da ƙafarsa ruwa yana iya ƙirjinsa ko ƙasa da haka. Wannan rami yana cin lita 50,000. In da jarka mai lita 25 za a cika shi, jarka 2,000 ke nan. Kowa ya ga ba aikin 'yan garuwa ba ne, ba kuma na rijiyar unguwa ba, wadda mata suke layi a kanta da bazara. Sai inda akwai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, wadda ruwanta ya fi ƙarfin masu sha. Rana kuma tana shan nata. In ruwa ya ragu da santimita ɗaya a yini, lita 500 ta tafi, jarka 20 ke nan. Tamfol da za a rufe shi da shi in an tashi zai rage wannan, ya tare ƙura da ganye.

Wurin shiga shi ne zuciyar aikin, a nan ne kuma magina suka fi kuskure, domin sun saba da tsani irin na otal. Ƙa'idar gangara ta keken guragu ita ce, kowace mita ɗaya ta zurfi a ba ta mita 12 ta tsawo. Watau gangarar da za ta kai ƙasan ramin nan ta fi ramin kansa tsawo, sai dai a bi da ita ta gefe, da ƙarfen riƙo dama da hagu. Wannan yana ƙara siminti ƙwarai. Akwai wata hanya mai sauƙi wadda muke ganin ta fi dacewa da mu. A ta da bangon gefe ɗaya sama da ƙasa daidai tsayin mazaunin keke, wajen santimita 45 zuwa 50, a yi masa faɗi yadda mutum zai zauna. Mai keke ya matso, ya zame ya zauna a kan bangon, ya juya ƙafafunsa ciki. Daga ciki kuma a yi matakala masu faɗi, gajeru, waɗanda za a bi da zama, ɗaya bayan ɗaya. Mai rarrafe ma a yi masa irinsu ta waje. Daɓen da ke kewaye kada ya yi santsi, kada kuma ya yi kaushin da zai ƙuje gwiwa, a yi masa rumfa, gama simintin da ranar Afrilu ta gasa yana ƙona tafin hannu.

Kafin magini ya sa igiya, a kira waɗanda za su shiga. A zana wurin a ƙasa da toka, a jera bulo a matsayin matakala, su gwada, su faɗi inda ya yi tsawo. Garuruwanmu da yawa suna da sarkin guragu, a fara da shi. A kuma nemi ma'aikatan gashin ƙashi su duba zanen. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano duk suna da su. Doka ma tana bayan wannan: a watan Janairu 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su shigu, wa'adin ya cika a farkon 2024. Ku duba makarantar firamaren garinku da ɗakin shan magani, har da majami'arku, ku ga ko an yi.

Masai da wurin wanka wajibi ne, kuma su ma keke ya iya shiga. Kowa ya yi wanka da sabulu kafin ya shiga, mai zawo ya dakata a gida, mai gyambo ya bari ya warke. Ƙwayar shan inna kanta ta hanyar bayan gida take yaɗuwa, shi ya sa kafin a sami rigakafi a 1955 garuruwan Amurka sukan rufe wuraren iyo in cutar ta ɓarke. Maganin wannan shi ne kulorin, a riƙa aunawa kowace safiya da ɗan abin gwaji, ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, da famfo mai juya ruwan ta cikin matatar yashi. Ruwan da aka bari ba kulorin, cikin 'yan kwanaki zai yi kore, ya zama gidan sauro a tsakiyar gari. Ranar da za a zubar da shi kuwa kada a yi asara: a daina sa magani, a bar shi a buɗe kwanaki, sa'an nan a kora shi lambu ko gindin mangwaro.

Duka da katanga da ɗakin canja kaya, fuloti ɗaya mai ƙafa 50 da 100 zai isa. Katangar ta zama doguwa, da ƙofa mai kwaɗo, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Ramin ruwa mara ƙofa a cikin ƙauye tarko ne ga 'yan rarrafe da awaki.

Lokaci da mutane

Ƙafar da shan inna ta taɓa ba ta son sanyi, jini ba ya gudu a cikinta sosai. A asibiti akan ɗumama ruwan jiyya ya haura digiri 30. Mu ba mu da abin ɗumamawa sai rana, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, a rufe. Daga Maris zuwa Mayu ruwa yana ɗumi da kansa, aikin gona bai kankama ba, mataimaka suna da sarari. Sai dai a daidai lokacin ne kuma ruwan ƙasa yake ja baya. Da damina ruwa ya wadata amma hannu ya yi ƙaranci, sai ko da yamma bayan an taso daga gona. Wanda ya ji tsawa ya fitar da kowa nan da nan.

Masu karanta Bisharar Yohanna sun san labarin mutumin da ya shekara 38 da ciwo a bakin tafkin Baitasda, kukansa kuwa ba na rashin ruwa ba ne, na rashin wanda zai sa shi ciki ne. In yara shida za su shiga, ana bukatar mataimaka shida a cikin ruwa, da mutum na bakwai a tudu wanda ya iya iyo da ceto, ba ya yin kome sai kallo. Mai farfaɗiya ba a hana shi, amma sai likita ya yarda, yana shan maganinsa, mataimakinsa kuma ba ya nisa da shi ko taku ɗaya. 'Yan mata su sami ranakunsu, da mata masu koyarwa, da tufafin da iyaye suka yarda da su. In ba a horar da mata tun farko ba, wurin zai zama na samari kaɗai, alhali 'yan matan nan su ne aka fi ɓoyewa a cikin gida. Yawancin yaran da za su amfana 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne, shan inna ba ta tambayi addinin kowa ba. Domin haka a je wa mai unguwa da dagaci da liman tun maganar tana baki, a sa mutanensu a cikin kwamitin, a kuma zaɓi fili inda kowa zai shiga ba da ɗari-ɗari ba, kamar kusa da makaranta ko ɗakin shan magani.

Ra'ayinmu

Masu cewa akwai abin da ya fi gaggawa suna da gaskiya a wurare da yawa. Ƙauyen da gurgunsa ba shi da keke, ko makaranta ta gagare shi saboda matakala uku a ƙofar aji, ya fara da wannan, kuɗinsa kaɗan ne, amfaninsa na kullum. Ba mu kuma ba ƙungiya ɗaya shawarar ta ɗauki wurin iyo ita kaɗai ba. Ginin akan iya samun mai taimako ya biya, sau ɗaya ne. Kulorin da gyaran famfo da ɗan alherin mai gadi kuwa kowane wata ne, kuma babu baƙon da zai zo ya ɗauki hotonsu. Mun ga injin niƙa da rijiyoyi da yawa da aka buɗe da kiɗa, bayan shekara biyu suka kwanta saboda ƙaramin ƙarfe.

Amma inda ƙungiyoyi huɗu ko biyar suke kusa da juna, abin da ba wuya a ƙasa mai cunkoso irin tamu, ga burtsatse mai ƙarfi, aikin yana yiwuwa. Yara masu lafiya su ma a koya musu iyo a ranakun da aka keɓe, iyayensu su biya kaɗan, ko da kwanon hatsi ne da kaka, wannan ya sayi magani. Kafin a taɓa ƙasa, sakatarorin ƙungiyoyi su bi gida gida su rubuta naƙasassun da ke tsakanin shekara 6 zuwa 25, da nisan gidan kowa, da abin da yake tafiya da shi. A auna lita nawa burtsatsen take bayarwa a yini a watan Afrilu, ba a watan Satumba ba. A tura mutum huɗu, biyu mata, su koyi iyo da ceto a birni, inda akwai wuraren iyo da ake biya a shiga, in da hali su tafi da samari biyu ko uku daga cikin masu lalurar su gwada ruwan. Ƙungiyar da ta kammala waɗannan ta kawo takardunta taron bayan girbi, mu zauna da magini a yi lissafin siminti da rodi.